Awon shekara ga masu neman digirin doktora

Manomi ba ya jiran kaka kafin ya san halin gonarsa. Tun noman fari yake zagayawa. Haka ya kamata a yi wa ɗalibin doktora, wanda tsarin LMD, da ƙasashen UEMOA suka amince da shi a 2007, ya yanka wa shekara 3 ya kammala bincikensa.

Faransa, inda ƴaƴanmu da yawa suka yi wannan karatu, ta kafa komitin bin sawun kowane ɗalibi a 2016. Tun 2022 komitin yana zama kowace shekara, kafin a sake rubuta sunan ɗalibi. Malamin da ke jagorancin binciken ba ya cikin komitin. Ɗalibi ya bayyana inda aikinsa ya kai, sannan a gana da shi ban da malamin, a gana da malamin ban da shi.

Wannan ganawa a keɓe ita muke so jami'o'inmu na Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa su riƙe da hannu biyu. Sau da yawa in kundi ya daɗe, ɗalibi ake zargi da ragwanci, alhali rubutunsa na kan teburin malami wata da watanni ba a buɗe ba. Wane yaro ne zai faɗi haka a gaban wanda makomarsa ke hannunsa? Ko tsoro bai hana ba, kunya ta hana.

Kuɗin bursu gumin talakawa ne. Saboda haka a rubuta rahoton komiti, a ba ɗalibi nasa, hukumar jami'a kuma ta karanta shi kafin ta ƙara wa malami sababbin ɗalibai.