Shirley Chisholm da ziyarar da ta kai asibiti

Jama'a, idan ana lissafin matan da suka buɗe ƙofa a siyasar Amurka, sunan Shirley Chisholm yana sahun gaba. An haife ta a Brooklyn ta birnin New York a 1924. Mahaifiyarta 'yar Barbados ce, mahaifinta kuma haifaffen Guyana. Wato 'yar baƙi ce, kamar yadda da yawa daga cikinmu muke a ƙasashen da muke zaune. Ta koyar da ƙananan yara kafin ta shiga majalisar jihar New York a 1965. A 1968 ta zama baƙar mace ta farko da aka zaɓa zuwa majalisar wakilan Amurka, inda ta yi shekara 14.

A 1972 ta nemi jam'iyyar Democrat ta tsayar da ita takarar shugabancin ƙasa. Cikin abokan karawarta akwai George Wallace, gwamnan Alabama, wanda ya yi ƙaurin suna wajen kare wariyar launin fata. A watan Mayu aka harbe shi a wurin yaƙin neman zaɓe, ƙafafunsa suka shanye. Sai Chisholm ta tafi asibiti ta duba shi. Magoya bayanta da dama suka fusata, suna ganin ta zubar da mutuncin gwagwarmayar baƙaƙen fata.

Fushinsu yana da dalili, domin Wallace ya taɓa tsayawa a ƙofar jami'ar Alabama don hana ɗalibai baƙaƙe shiga. Duk da haka, a ganinmu ita ce ke da gaskiya. Duba mara lafiya ba amincewa da aƙidarsa ba ne, kuma ba ta janye ko kalma ɗaya daga matsayinta ba. An ruwaito cewa lokacin da take fafutukar sanya 'yan aikin gida cikin dokar mafi ƙarancin albashi, wadda aka zartar a 1974, Wallace ya taimaka wajen shawo kan 'yan majalisar kudancin ƙasar. Yawancin 'yan aikin nan a kudu mata ne baƙaƙe.

Al'ummar da ba ta da rinjaye ba ta kafa doka da ƙuri'unta kaɗai. Dole wata rana ta buƙaci hannun wanda ba ya ƙaunarta. Don haka shugabanninmu su riƙe haƙƙin jama'a da ƙarfi, amma kada su yanke gaisuwa da abokin hamayya. Iyaye kuma su lura cewa wadda ta iya wannan siyasa yarinya ce da aka bari ta yi karatu mai zurfi.