A BAR YARO YA HAƊA JIRGINSA DA HANNUNSA

Jama'a, yau maganar ɗan jirgin saman nan na wasa za mu yi, wanda a ke tuƙa shi daga ƙasa da akwatin rediyo a hannu. Na sani wani zai ce, mu da mu ke neman na cefane ina ruwanmu da wasan 'ya'yan masu kuɗi? To, a yi haƙuri a ji, don akwai ruwanmu a ciki.

Iri biyu a ke sayarwa. Akwai wanda ya zo a gine, sai dai a sa masa batir a sake shi. Akwai kuma wanda ya zo a wargaje cikin kwali, watau katako yankakke, da taswirar gini, da wayoyi, mai saye shi ne zai haɗa. Ra'ayina shi ne, uban da ya sami hali ya sayi na biyun, kuma in yaro ya so ya sāke wa jirgin fasali kada a hana shi. Na farkon ciniki ne kurum, ran da ya faɗi ya karye sai a koma wa mai kanti. Amma wanda ya haɗa nasa ya san kowane haƙarƙari da ke cikin fiffiken, in ya karye ya san inda zai sa gam.

Ga yadda aikin ya ke. Yawanci da itacen balsa a ke yi, wani itace ne marar nauyi ƙwarai, galibinsa daga ƙasar Ekwado ya ke fitowa, da reza ma a na yanka shi. Sai a shimfiɗa taswirar bisa allo mai daidai, a rufe ta da leda don kada gam ya kama takarda, a jera katakon a kan zanen, a kafe da fil, a manna. In allon nan ya karkace, fiffike zai fito a karkace, jirgi kuwa zai yi ta juyawa gefe ɗaya ko da me matuƙi ya yi. Sa'an nan a goge da samfefa, a rufe jikin da wata leda mai tsukewa in ta ji zafin dutsen guga. Bayan wannan a sa inji da farfela, da ɗan akwatin da ke karɓar saƙon rediyo, da waɗansu 'yan injuna masu jan linzamin wutsiya da na fiffike. Duk wannan kafinta ne, da tela, da mai gyaran rediyo, a jikin yaro guda.

Inda maganar ta fi daɗi shi ne wajen ma'auni, kuma a nan ku 'yan kasuwa kun fi malaman makaranta saurin ganewa. Jirgi sikeli ne. Yana da wurin da nauyin gaba da na baya su ke daidaita, kuma wurin nan tilas ya zauna kamar kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na faɗin fiffike, in an auna daga bakinsa na gaba. Mai gini ya kan sa yatsa biyu ƙarƙashin fukafukan a daidai wurin ya ɗaga, in hanci ya ɗan sunkuya kaɗan, lafiya. In wutsiya ce ta rinjaya, kada a tashe shi, don zai ɗaga kai sama, ya rasa gudu, ya faɗo. Wutsiya kuwa ta fi hanci nisa daga tsakiya, saboda haka in nisanta ya ninka na hanci sau uku, oza guda da aka ƙara mata sai an biya ta da oza uku a gaba. Shi ya sa mai wayo ba ya cika fenti da gam a baya, kuma kafin ya liƙa darma a hanci ya kan gusa batir gaba tukuna, tun da batir dole ne a ɗauke shi, darma kuwa kaya ce ta banza.

Masu kanti su kan ce, a bi taswira, kada a taɓa kome. A jirgi na farko na yarda da su. Amma daga na biyu ban yarda ba, sai dai kowane canji yana da kuɗinsa, kuma wajen biyan kuɗin nan ne ilmi ya ke shiga kai. Yaro ya ce zai sa inji babba don jirgi ya yi gudu. Injin ya fi nauyi, batirinsa ma haka. In nauyin jirgi ya ƙaru da kashi ɗaya cikin biyar, gudun da ya ke bukata don kada ya faɗo zai ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin goma, watau saukarwa ta ƙara wuya ke nan, filin da ya ishe shi jiya yau ya yi kaɗan. Wani ya ce zai ninka girman jirgin sau biyu ta kowace fuska. Faɗin fiffike zai ninka sau huɗu, amma nauyi sau takwas. Wani kuma ya ga fukafukan jirgin koyo sun ɗan ɗaga sama kamar bakin ƙwarya, ya ce zai miƙe su don kyau. To, ɗagawar nan ita ce ke maido da jirgi daidai in iska ta karkata shi, wanda ya miƙe su sai ya yanka leɓe a bayan fiffike ya sa masa linzami, sa'an nan hannunsa ya yi aikin da dā jirgin ke yi da kansa. Dokar da zan ba mai gyara guda ce, canji ɗaya a tashi ɗaya, a rubuta abin da aka gani. Wanda ya sāke abu uku rana guda, in jirgin ya faɗi bai san wanne ya kā da shi ba.

Masu cewa wasa ne, su dubi tarihi. A 1878 wani uba a Amurka ya kawo wa 'ya'yansa biyu ɗan abin wasa mai tashi, na gora da takarda da roba, irin wanda wani Bafaranshe mai suna Alphonse Pénaud ya ƙago. Suka yi wasa da shi har ya lalace, suka gina nasu, suka yi ta ƙara masa girma, suka tarar duk wanda ya fi girma ya fi ƙin tashi. Yaran nan su ne Wilbur da Orville Wright, waɗanda daga baya su ka buɗe shagon keke, kuma ran 17 ga Disamba, 1903, jirginsu ya tashi da mutum a ciki, ƙafa 120 cikin sakan 12. A 1937 waɗansu tagwaye, Walter da William Good, su ka tashi jirgin wasa da rediyon da su ka haɗa da kansu. A watan Agusta na 2003 kuwa wani dattijo, Maynard Hill, yana da shekara 77, ido ya tafi, kunne ya yi nauyi, ya gina jirgin balsa wanda nauyinsa da mai da kome bai wuce laba 11 ba. Jirgin ya tashi daga Kanada ya ƙetare tekun Atlantika ya sauka a Ailan, mil 1,882 cikin awa 38 da minti 52, da man da bai kai galan guda ba. Injin na kasuwa ne, shi ya yi ta gyara shi har ya rage masa shan mai. Jirage huɗu ya yi hasara kafin na biyar ya isa.

Ba sai mun je nesa ba ma. Jirgin koyon tuƙi na sojan saman Nijeriya da a ke kira Air Beetle a kwali ya zo, daga kamfanin Van's na Amurka, samfurin RV-6A. Guda 60 aka haɗa a Kaduna, aka yi masa gyare-gyare don ya dace da aikin koyarwa. Ashe abin da yaro ke yi a zaure shi ne manya su ka yi a masana'anta. Yaranmu da ke ƙera motar kara da ta langa-langa ba hannu su ka rasa ba, wanda zai nuna musu ma'auni su ka rasa. Wanda bai sami balsa ba, farin soson nan da a ke naɗe firji da rediyo da shi yana yin fiffike, inji da rediyon kaɗai ne sai an saya, yara huɗu ko biyar kuwa suna iya haɗa kuɗi su yi tarayya a rediyo guda.

Saura maganar hukuma. A 2016 hukumar kula da jiragen sama ta Nijeriya ta ba da sanarwa cewa kada kowa ya tashi jirgi marar matuƙi sai da izninta da na ofishin mai ba da shawara kan tsaron ƙasa. Ba na raina dalilinsu. Miyagu suna amfani da irin waɗannan na'urori, kuma jirgin wasa da ya shiga hanyar jirgin fasinja hatsari ne na gaske. Amma kamfanin da ke da lauya da akawu shi ke iya bin ofis-ofis neman takarda, ɗan mai gyaran keke ba zai iya ba. Dokar da ta sa jirgin soso mai nauyin tattabara a mudu guda da jirgin kamfani, talaka kaɗai ta hana. A Amurka, a 2015, sai su ka ja layi a kan nauyi, su ka ce wanda bai kai giram 250 ba, watau rabin laba da 'yar ɗoriya, mai wasa da shi ba ya bukatar rajista, wanda ya wuce haka ya biya dala biyar a rubuta sunansa.

Irin wannan mu ke roƙo. A ja layin nauyi a fili yadda kowa zai gane, a sa rajista mai araha wadda za a iya yi ba tare da an je babban birni ba, a keɓe fili a bayan gari nesa da filin jirgi da barikin soja da wayoyin lantarki, a ce kada a wuce ƙafa 400 sama, kada kuma jirgi ya ɓace wa idon mai shi. Su kuma masu wasan su riƙe nasu alkawari. Kada a tashi bisa kan mutane ko kasuwa, don farfela tana yanka kamar aska. Sabon shiga ya tsaya kusa da wanda ya iya, domin in jirgi ya juyo yana fuskantarka damansa ya kan koma hagunka, a nan ne yawancin sababbi su ke kā da nasu. Batirin irin waɗannan jirage kuwa yana kamawa da wuta in ya huje ko an cika masa caji, saboda haka a yi cajinsa a tsakar gida bisa ƙasa ko cikin tukunya, da mutum a kusa, ba a ɗaki kan katifa ba.