Da Wane Mudu Ake Auna Gwarzuwar Ƙwallon Kwando?

 Yau zan ajiye batun sidi da sefa da kuɗin fito, in ɗan taɓo wasan ƙwallon kwando na mata. Na san wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska? To, a yi haƙuri a bi ni a sannu, domin maganar ta awo ce, kuma a duniyar nan ban san wanda ya fi ɗan kasuwa sanin ciwon awo ba.

Abin da ya jawo rubutun shi ne wata ƙaramar gasa da aka shirya wa 'yan matan zangunanmu na nan Ankara ta Gana a lokacin wani hutun makaranta, inda aka samu 'yan wasa daga Nima, Mamobi da nan Alajo. Wani alhaji ɗan kasuwa ne ya ɗauki nauyi, ya sayi kofi, ya kuma ware kuɗi masu ɗan kauri don yarinyar da ta fi kowa. Ni aka ba lasifika in riƙa yi wa 'yan kallo bayani. Da aka tashi wasan ƙarshe, sai masu shirin suka koma gefe suka yi ƙus-ƙus na minti biyu, suka miƙa ambulan ga yarinyar da ta fi jefa ƙwallo a kwando. Alhali duk wanda ya zauna a filin nan ya ga wata 'yar siririya, wadda ita ce ke ƙwato ƙwallon, ita ke rarraba ta, ita kuma ta hana gwanar ɗaya ɓangaren sakat tun daga farko har ƙarshe. Da ta fita shan ruwa na 'yan mintoci, sai da aka zura musu ƙwallo huɗu a jere. Ta tafi gida hannu rabbana, kuma ban sake ganinta a filin ba. Da na tambayi ɗaya daga cikin masu shirin da me suka auna, sai ya ce mini, "Malam, ai maki shi ne wasa."

Maki ɗin dai ba laifi ba ne, amma idan shi kaɗai ne wasa, to yaron shagon da ya fi kowa karɓar kuɗi a hannun masu saye shi ne ya fi kowa amfani ke nan. Kowane maigida kuwa ya san ba haka abin yake ba. Akwai yaron da ba ka jin muryarsa, amma shi ya san inda kowane kwali yake a sito, shi ya san wanda ake bi bashi, shi ke tsayawa wajen jami'an kan iyaka har mota ta wuce. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, ranar ce maigida ke sanin darajarsa. A nawa ganin, wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara yi kafin a miƙa wa kowace 'yar wasa kyautar gwarzuwa: in an cire ta, me zai rage wa ƙungiyarta?

Kada a ɗauka mu kaɗai ke wannan rikici. A Amurka, inda gasar ƙwararrun mata ta WNBA ke gudana tun 1997, 'yan jarida da masu sharhi ne ke kaɗa ƙuri'a a ƙarshen kaka. Kowa zai jera sunaye biyar, ta farko maki 10, ta biyu 7, sai 5, sai 3, sai 1. A shekarar 2023 mutum 60 suka yi zaɓen. Alyssa Thomas ta ƙungiyar Connecticut ce ta fi kowa samun waɗanda suka sa ta a farko, mutum 23, Breanna Stewart ta New York ta samu 20, A'ja Wilson ta Las Vegas 17. Amma da aka tattara lissafi, Stewart ce ta ɗauka da maki 446, Thomas na da 439, Wilson 433. Ka ji fa! Wadda ta fi kowa samun alƙalan da suka ce ita ce ta ɗaya ba ita ta tafi da kofin ba.

Ni dai har gobe ina ganin an yi wa Thomas ƙwauro. A wannan kakar ƙungiyarta ta rabu da Jonquel Jones, wadda ta koma New York, sannan Brionna Jones ta ji ciwo a agara tun watan Yuni, ba ta sake bugawa ba. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Thomas ta ɗauki aikin mutum uku a kanta: ita ta fi kowa a gasar cafke ƙwallon da ta dawo daga kwando, ta kafa tarihin miƙa wa abokan wasa ƙwallon da suka ci sau 316, ta kai ƙungiyar matsayi na uku da nasara 27 cikin wasa 40. Abin da ya kayar da ita shi ne makinta bai kai 16 a kowane wasa ba, alhali Stewart na cin 23. Wato dai ciwon filinmu na zango, shi ne a can ma, sai dai su da kwat suke yin nasu.

Amma fa adalci ya sa in faɗi cewa mudun nan nawa ba kullum yake ƙin mai yawan maki ba. A 2024 Wilson ta zama mace ta farko da ta ci maki 1,000 a kaka guda, kuma duk masu zaɓe 67 ita suka sa a farko, babu wanda ya yi gardama. A 2025 kuwa an ɗan ja. Napheesa Collier ta Minnesota, wadda mahaifinta ɗan asalin Saliyo ne, ita ake ta ambato, ƙungiyarta kuma ita ta fi kowa nasara. A farkon watan Agusta ma Minnesota ta lallasa Las Vegas 111 da 58, abin da ya bar su Wilson da nasara 14, faɗuwa 14. Daga ranar nan ba su sake faɗuwa ba har kaka ta ƙare, wasa 16 a jere, suka zarce suka cinye kofin a hannun Phoenix da ci 4 da nema. Collier kuma rauni a idon sawu ya zaunar da ita makonni. Aka ba Wilson, karo na huɗu, abin da ba a taɓa yi ba. Wannan ban da ja a kai, don wanda ya ɗago motar da ta faɗa rami ya fi wanda ya tuƙa lafiyayya a kan kwalta.

Game da inda gasar ta dosa, kakar 2026 ta zo da ƙungiyoyi 15, bayan ƙarin Toronto ta Kanada da Portland a kan Golden State da ta shigo a 2025. Ƙarin ƙungiya na nufin ƙarin gurbi, kuma yana nufin gwanaye za su rarrabu, ta yadda za a ƙara samun ƙungiyoyin da mace ɗaya ke ɗauke da su a ka. Nan ne masu zaɓe za su sha wuya, domin za a ga 'yar wasa da maki tsibi a ƙungiyar da ke can ƙasan teburi. Hasashena dai shi ne matuƙar Wilson na da lafiya, ita ce wadda sai an ture kafin a wuce, kuma Collier ce ta fi kusa da ture ta. Caitlin Clark ta Indiana ta fi su duka jan 'yan kallo, amma wasa 13 kacal ta buga a 2025 saboda rauni, kuma farin jini ba ya cikin abin da ake zubawa a mudu.

Mu dawo gida Afirka. A gasar cin kofin nahiya ta 2017 a Bamako, Najeriya ta doke Senegal 65 da 48 a wasan ƙarshe ba tare da ta faɗi ko sau ɗaya ba, amma sai aka ba Astou Traoré ta Senegal kyautar gwarzuwa, lokacin ta haura shekara 35. Daga nan kuma sai kyautar ta riƙa bin kofi: Ezinne Kalu a Dakar 2019, Adaora Elonu a Yawunde 2021, Amy Okonkwo a Kigali 2023, ita ɗin dai a Abijan 2025, inda Najeriya ta doke Mali 78 da 64 ta ɗauki kofi na biyar a jere. Ban ce ɗaya daga cikinsu ba ta cancanta ba. Tambayata kawai ita ce, sharaɗi ne sai ƙungiyarki ta ci kofi, ko ba sharaɗi ba ne? In sharaɗi ne, me ya faru a Bamako? In ba sharaɗi ba ne, sai a faɗa tun kafin a hura usur, kowa ya san inda ya dosa. (Mu Gana ba mu ma je Abijan ɗin ba, haka Nijar. Sudan ta Kudu da ta samu 'yanci a 2011 ita ta zo ta uku. Wannan zance ne na wata rana.)

Wani zai ce duk wannan hayaniya a kan ɗan ƙarfen da za a ajiye a kan kabad? To, ga 'yar Afirka abin ya wuce ado, hanyar abinci ce. Murjanatu Musa ta zama gwarzuwar gasar mata ta cikin gida a Najeriya a 2019 tare da Air Warriors ta Abuja, daga nan ƙofa ta buɗe mata zuwa Sifen, sai Faransa, har ta taka leda a Phoenix a 2025. Ezinne Kalu ta haska a wasannin Olamfik na Faris a 2024, inda Najeriya ƙarƙashin koci Rena Wakama ta doke Ostareliya da Kanada ta zama ƙasar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas, kuma kafin shekarar ta ƙare Atlanta ta ɗauke ta. Amy Okonkwo ma makonni kaɗan bayan Abijan Dallas ta kira ta. Masu neman 'yan wasa daga Turai ba za su zo su zauna a filinmu cikin rana ba, takarda suke dubawa su ga sunan wa aka rubuta. Idan aka rubuta sunan da bai dace ba, an toshe wa wata ƙofa.

Na yarda akwai abin tsoro a maganata. Maki kowa na iya ƙirgawa, ba a iya murɗe shi. Da zarar an ce a duba amfanin da ido ba ya saurin gani, an buɗe wa son kai hanya, gobe sai ka ji an ba 'yar ƙanwar shugaban kwamiti an ce ai ta iya tsaron gida. Maganin wannan kuwa littafi ne. A zaunar da mutum biyu a bakin fili, kowa da biro da takarda, su rubuta wa ta ci, wa ta miƙa, wa ta cafke, wa ta ƙwace, wa ta zubar da ƙwallo a hannun abokan hamayya, da yadda ci ya kasance lokacin da kowace ke ciki da lokacin da take benci. Wanda ke riƙe littafin bashin mutum ɗari a Aflawo ba zai ce wannan ya fi ƙarfinsa ba.

Saboda haka alhazai da hajiyoyin da ake zuwa wa da takardar neman gudummawa duk lokacin hutu ko sallah, kuma na san kuna bayarwa, ina roƙon ku ƙara tambaya ɗaya kafin ku sa hannu a aljihu. Ku ce a nuna muku a rubuce da me za a auna wadda za a ba kuɗinku, su wa za su auna, kuma a karanta wa yaran tun ranar buɗe gasa. Ba ku yarda a sayo masara da wani mudu a sayar muku da wani ba, don me za ku yarda a nan? Tun 2017 hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta halatta buga wasa da ɗankwali ko hijabi, abin da ya sa wasu iyaye a zangunanmu suka sassauta suka bar 'ya'yansu mata su fito. Yarinyar da ta sha wannan fama a gida kafin ta iso fili bai kamata a yanke mata hukunci da ƙus-ƙus na minti biyu ba.

Alhajin da ya ɗauki nauyin waccan gasa ya aiko mini cewa zai sake yi a hutu mai zuwa. Na ce a gaya masa zan riƙe lasifika, amma sai ya haɗa da kuɗin littafi biyu da biro, sannan a aika a nemo yarinyar nan ta dawo.