Wasan dayis ɗin da ya wahalar da Bill Gates: kada ka yi gaggawar tambayar ChatGPT

Akwai wani wasan wasa ƙwaƙwalwa da ake yi da dayis biyar, irin dai na lido. Sunansa Petals Around the Rose, wato ganyayyakin furen da ke kewaye da wardi. Wanda ya san sirrin zai jefa dayis ɗin, ya kalle su, ya faɗi wata lamba. Aikinka shi ne ka gano yadda yake samo lambar. Abu uku kawai za a gaya maka: sunan wasan yana da muhimmanci, amsar kullum sifili ce ko lambar da biyu ke raba ta daidai, kuma duk jifan da aka yi za a faɗa maka amsarsa. Ba a ƙara maka komai.

Ni a shagon cajin waya na fara gamuwa da shi, wani abokina ya miƙo min wayarsa yana murmushin mugunta. Jifa na farko ya ba da 2, 5, 3, 6, 1, amsa 6. Na biyu ya ba da 3, 4, 1, 2, 3, amsa 4. Nan take na ce na gano, ai lamba mafi girma ake ɗauka. Na uku ya zo da 4, 4, 2, 6, 1. Na bugi ƙirji na ce 6. Wayar ta ce sifili.

Daga nan na shiga tarawa da ɗebewa da ninkawa, har wayata ta cika da caji ban gano komai ba. Sau biyu hannuna yana kaiwa ga Google ina janye shi. Yau ina ganin janyewar nan ita ce duk ribar da na ci a wasan, kuma shi ya sa nake roƙonka kada ka kwafe tambayar ka liƙa wa ChatGPT. Zai iya ba ka amsa cikin daƙiƙa biyar, domin wasan tsoho ne kuma bayaninsa ya cika intanet. Sai dai amsar kanta ba ta da wani amfani, layi ɗaya ce, ba za ka ci abinci da ita ba. Abin da ke da daraja shi ne ka kama kanka kana yin kuskuren tunani, ka ga irin kuskuren da idonka.

Ba kai kaɗai ba ne idan ya ɗaure maka kai. A 1977 mujallar Personal Computing ta Amurka ta buga labarin wasu ma'abota kwamfuta da ke komawa gida daga wani babban taro a Dallas, suka yi ta wannan wasa a hanya. Cikinsu har da Bill Gates, lokacin yana ɗan shekara 21, kamfanin Microsoft kuma yana da shekara biyu a duniya. Kamar yadda labarin ya zo, yana cikin waɗanda suka fi daɗewa ba su gano ba. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne dabararsa: ya riƙa haddace jifan da aka yi da amsoshinsu, har ya soma cankar wasu daidai alhali bai san dalili ba. Hadda ba za ta kai mutum ko'ina ba a nan. Dayis biyar suna iya faɗuwa ta hanyoyi 7,776, ko da an ƙyale jerin wanda ya zo farko da na ƙarshe, sauran haɗi 252 ne.

Masu yaɗa wasan suna son cewa wai gwargwadon kaifin basirarka, gwargwadon daɗewar da za ka yi. Ban yarda ba. Lallashi ne kawai ake yi wa wanda ya sha wuya. Abin da ke jinkirta mutum shi ne soyayyar da yake yi wa hasashensa na farko. Dubi nawa: tun kafin jifa na uku ya kamata in san “lamba mafi girma” ba za ta yiwu ba, domin wata rana mafi girman za ta zama 5, an kuwa riga an gaya min amsa ba ta zama 5. Ƙa'idar tana gabana, na ture ta gefe saboda jifa biyu sun gaskata ni.

Wannan hali yana da tarihi a binciken halayyar ɗan Adam. A 1960 wani masani a Ingila, Peter Wason, ya ba ɗalibai lambobi uku, 2, 4, 6, ya ce suna bin wata ƙa'ida da ke ransa. Su kawo nasu jerin, shi kuma ya ce ya dace ko bai dace ba. Yawancinsu suka ɗauka ƙarin bibbiyu ne, suka yi ta kawo irin su 8, 10, 12, ana ce musu ya dace, suna ƙara sakankancewa. Ashe ƙa'idar ita ce kowace lamba ta fi ta bayanta girma, shi ke nan. Cikin mutum 29, shida kacal suka faɗe ta daidai a karon farko. Sauran sun yi ta gwajin da zai ce musu “e”, ba su nemi wanda zai ce musu “a'a” ba.

Idan kana son ka warware wasan da kanka tun daga tushe, tsaya a nan, ka koma kan jifa ukun nan na sama. Sun isa.

Jifan da ya ba ni haushi, mai amsar sifili, shi ne ya fi sauran bayani. Idan muka ɗauka kowane dayis yana ba da nasa kason ne ana tarawa, to 4, 4, 2, 6, 1 da suka ba da sifili suna nuna cewa 1 da 2 da 4 da 6 ba su da komai. Fuska huɗu cikin shida sun fita a bugu ɗaya. Koma jifa na biyu: 3, 4, 1, 2, 3. Cire marasa amfani, saura 3 guda biyu, amsa 4, ke nan kowace 3 tana da 2. A jifa na farko akwai 5 da 3, amsa 6, ke nan 5 tana da 4. Ba a buƙaci kalkuleta ba. Kuma irin wannan jifa ba wuyar samu yake ba, kusan 13 cikin 100 na jifa sifili ne. Mutane suna wuce shi ne saboda suna ganin babu abin lissafawa a ciki.

Amma a kula, na ce “idan muka ɗauka”. Wannan ma hasashe ne, dole a nemi abin da zai rushe shi. Idan da dayis na gaske ake wasan, kada ka jira sa'a. Jera su da hannunka, ka sa duka biyar a kan 6, ka tambayi amsa. Sannan ka juya guda ɗaya tak zuwa 5, ka sake tambaya. Sauya wurin zamansu ka ga ko jeri yana da tasiri. Kowane gwaji a canza abu ɗaya.

A nan wasan ya haɗu da wayar da ke hannunka. Batir ya fara zuba, sai mutum ya goge manhaja biyar, ya sayi sabuwar caja, ya rage hasken fuskar waya, duk a yini ɗaya. Ko da matsalar ta tafi, bai san me ya kore ta ba, idan ta dawo kuma sai a sake lale. Wayoyin Android suna da yanayin da ake kira Safe Mode, wanda ke dakatar da duk manhajojin da kai ka sauke, ya bar waɗanda wayar ta zo da su. Wannan shi ne jifan sifili na waya. Idan batir ya daina zuba a can, ka san inda ɓarawon yake, sai ka bi manhajojin ɗaya bayan ɗaya. Haka batun data: kafin ka rantse kamfanin layi ne ke sace maka, shiga saitin waya ka duba wace manhaja ce ta fi sha.

Wani gefen kuma ya fi wannan tsada. Wannan wasa yana da ƙa'ida da gaske, domin amsar tana fitowa ne daga abin da ke gabanka. Abin da ba shi da ƙa'idar da za ka gano shi ne lambar da dayis zai nuna a jifa na gaba, dayis ba ya tuna jifan baya. Matasan da ke cika littafi da sakamakon wasannin caca na waya suna neman “sirrin”, ko suna biyan kuɗi a Telegram don a ba su manhajar hasashe, irin jifa biyuna na farko ne ke jan su. An dace sau biyu, an manta da sau goman da ba a dace ba. Bambancin kawai ni ban yi asarar ko kwabo ba.

Saura magana ɗaya. Yanzu kana iya cin kowane jifa, har ma ka tsara shi da lissafi: lambar da biyu ba ta raba ta a cire mata ɗaya, sauran a zubar. Ba za ka taɓa faɗuwa ba, amma har yanzu ba ka san me ya kawo fure cikin zancen ba. Al'adar wasan ita ce wanda ya gano ba ya faɗa wa kowa, na riga na karya rabinta, zan riƙe sauran rabin. Zan dai amsa laifi ɗaya: tun daga farkon rubutun nan da alƙaluma nake rubuta maka jifan, shi kuwa dayis ba alƙaluma ne a jikinsa ba, ɗige-ɗige ne. Duk manhajar da ta nuna maka 3 da 5 a rubuce ta lalata wasan. Ɗauko dayis ɗin lidon gidanku, ka ajiye fuskar 5 kusa da fuskar 4, ka sake karanta sunan wasan a hankali.