Farfesa Iya Abubakar da lissafin da yaranmu ke gudu

'Yan uwa, idan aka ambaci Farfesa Iya Abubakar, galibinmu siyasa muke tunawa: ministan tsaro a gwamnatin Shagari a 1979, sannan sanatan Adamawa ta Arewa daga 1999 zuwa 2007. A ganinmu wannan ba shi ne babban abin da ya kamata yaran Nguru da Gashuwa su sani game da shi ba.

An haife shi a Belel a 1934. Ya yi Kwalejin Barewa, ya wuce Ibadan, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Kambirij ta Ingila, ya dawo ya koyar da lissafi a Jami'ar Ahmadu Bello har ya shugabanci sashen. Cibiyar kwamfuta ta jami'ar sunansa take ɗauke da shi.

To wane irin lissafi ne? A 1962 ya wallafa bincike kan yadda girgiza ke ratsa abu mai tauri kamar dutse, da yadda take tarwatsewa idan ta ci karo da fuskar da ba ta miƙe ba. Da irin wannan ilmi ake aika girgiza cikin ƙasa, a saurari dawowarta, a gane abin da ke kwance a can ƙasa. Haka masu neman man fetur suke yi a yankin Tafkin Chadi da ke maƙwabtaka da mu. Wato lissafin da muke ce wa ciwon kai, da shi ake leƙen cikin ƙasar da muke nomawa.

Abin da ke damunmu shi ne, tun 2013 aka kafa mana jami'ar tarayya a Gashuwa, ga kuma Kwalejin Ilmi ta Umar Suleiman. Amma yaron da bai ci lissafi a WAEC ko NECO ba, ba zai shiga kwas ɗin kimiyya ba, ko da gidansu na jikin katangar jami'ar. Mu iyaye ma da laifinmu, don a gaban yaro muke cewa lissafi sai masu baiwa, ya ji ya saki jiki.

Shawararmu ita ce a taro mai zuwa a ware wani abu daga kuɗin wata-wata a biya malamai biyu, ɗaya a Nguru ɗaya a Gashuwa, su riƙa koyar da 'yan aji ukun ƙaramar sakandare ranar Asabar, mata da maza. Wasu za su ce asusun na taimakon marasa lafiya ne, kuma gaskiyarsu. Shi ya sa muke so a zo a yi muhawarar ido da ido. Malamin lissafin da ke da sha'awa ya tuntuɓi sakatare kafin ranar.