Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

A shekarar 2021 na sayar da filin da na gada daga mahaifina, na haɗa kuɗin da ɗan abin da abokaina biyu suka tara, muka kafa kamfanin sayar da waƙoƙin Hausa ta intanet a birnin Kano. Tun daga lokacin sau biyu muna kaiwa bakin rufe shi. Ban ɗauki alƙalami domin neman tausayi ba. Na ɗauka ne domin in tuhumi kaina, in tuhumi 'yan'uwana masu kafa irin waɗannan kamfanoni, tare da masu zuba jarin da muke yi wa fadanci, da laifi guda: mun aro zanen wasu mun ɗaura wa waƙar Hausa, da ya kasa rufe ta sai muka ɗora laifin a kan yaron da ke tura waƙa a bakin kasuwa.

Bari in fara da yaron nan, tunda shi ne aka nuna mana a matsayin abokin gaba. Kowa ya san shi. Yana zaune ƙarƙashin lema ko cikin ɗan shago, gabansa tsohuwar kwamfuta da igiyoyin caji, mutane na miƙa masa memori yana cika musu da waƙoƙi da finafinai da wa'azi. A duk taron da na halarta kan makomar waƙa, sunansa ɗaya ne, wato ɓarawon fasaha. Ni ma da wannan suna na je masa wata rana, ina huci, bayan na ga sabuwar waƙar da muka saki da safe ta iso kwamfutarsa kafin la'asar. Ya bar ni na gama faɗana, sannan ya ce, "Yallaɓai, yau mutum nawa suka sayi waƙar a wajenka?" Na yi shiru. Ya nuna mini layin da ke jiransa, ya ce, "Waɗannan duk biya za su yi. Kai ne ba ka zo inda suke ba." Na koma ofis da wannan magana, kuma har yau ban sami amsar da ta rushe ta ba.

Daga ina muka samo tsarin da muke bi? A shekarar 1999 wata manhaja mai suna Napster ta ɓulla a Amurka, ta ba mutane damar musayar waƙoƙi kyauta, har kotu ta tilasta rufe ta a 2001. A 2003 kamfanin Apple ya buɗe shagon iTunes, yana sayar da waƙa ɗaya a kan santi 99. A 2006 Daniel Ek da Martin Lorentzon suka kafa Spotify a ƙasar Suwidin, suka ƙaddamar da shi a 2008 bisa wata dabara: a daina sayen waƙa ɗaiɗai, a riƙa biyan kuɗin wata-wata, mutum ya saurari abin da ya ga dama kai-tsaye ta intanet. Dabarar ta yi aiki a can domin ta tarar da ƙasa mai wutar lantarki dare da rana, mai intanet mai ƙarfi a cikin gidaje, mai jama'ar da kusan kowa ke da katin banki da albashin da ke shigowa a kan kari. Duk da wannan gata, sai a 2024 kamfanin ya fara rufe shekara guda cur da riba, shekara goma sha takwas bayan kafuwarsa. Tsawon wannan lokaci kuɗin masu zuba jari ne ke riƙe da shi.

Wannan shi ne zanen da muka aro. Mun kawo shi ga manomin da kuɗinsa ke zuwa da kaka, da ɗan adaidaita-sahun da ke lissafin samunsa kullum da yamma, da matar aure da ke sayen data ta kwana ɗaya tana lallaɓa ta kamar man girki. Muka ce musu su ba mu izinin cire kuɗi daga asusunsu kowane wata, su kuma riƙa ƙona data duk lokacin da suka maimaita waƙar da suke so. Da suka ƙi, sai muka ce Bahaushe ba ya son biyan kuɗin waƙa.

Wannan ƙazafi ne, kuma ina cikin waɗanda suka yaɗa shi. Bahaushe ya sayi faifan garmaho, ya sayi kaset, ya sayi faifan CD. Ya biya kamfanin waya domin mai kiransa ya ji waƙa maimakon ƙarar kira. A gidan biki yana tashi ya yi wa mawaƙi liƙi har aljihunsa ya bushe, kuma ya koma gida yana alfahari. Yau ma yana biya: yana biyan mai tura waƙa, yana biyan kamfanin sadarwa, yana biyan mai cajin waya. Kuɗi na fita daga hannunsa a kan waƙa kowace rana ta Allah. Abin da ya rage a tambaya shi ne dalilin da ya sa kuɗin ke tsayawa a ko'ina ban da hannun wanda ya rera ta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wani zai ce ai manyan dandamali sun iso, kuma suna biya. Haka ne. Boomplay ya fara aiki a Nijeriya a 2015, Spotify ya shigo a watan Fabrairun 2021, ga Audiomack, ga YouTube, kuma akwai mawaƙanmu da ke samun abin kirki daga gare su. Ba na ƙyashin kowa. Amma ya kamata mai karatu ya san yadda ake rabon. A tsarin da mafi yawansu ke bi, ana tara kuɗin masu saurare na ƙasa guda a tukunya ɗaya, kamfani ya cire kasonsa, wanda a Spotify ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku, saura kuma a raba wa masu haƙƙin waƙoƙi gwargwadon yawan sauraren da kowa ya samu. Ma'ana, idan wata baiwar Allah a Funtuwa ta biya kuɗin wata ta ƙare shi tana sauraren mawaƙi guda, kuɗinta ba shi zai je wa ba. Zai faɗa tukunya, mafi yawansa ya tafi ga taurarin da suka fi kowa yawan masu saurare a faɗin ƙasa. Ita kanta tukunyar ƙarama ce: a 2021, lokacin da Ba'amurke ke biyan dala 9.99 a wata, ɗan Nijeriya naira 900 yake biya, don haka sauraren da aka yi a nan bai kai darajar wanda aka yi a can ba. Daga 2024 kuma Spotify ya ƙara sharaɗi cewa waƙar da ba ta kai saurare 1,000 cikin wata goma sha biyu ba, ba ta da rabo daga kuɗin faifanta. Mai kukuma a ƙauye, da mai waƙar noma, da zabiyar da masoyanta ba su da data, wannan lissafi bai san da zamansu ba.

Mu kuwa ƙananan kamfanoni, da muka kwaikwayi tsarin ba tare da jarinsa ba, mun haɗu da abin da ya fi haka muni. Muna karɓar naira daga masu saurare, muna biyan hayar rumbun ajiyar intanet da dala. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya a farashin hukuma ba ta kai naira 500 ba. Kafin a cika shekara ta haura 1,400. Ba mu ƙara ko waƙa ɗaya a rumbun ba, amma hayarsa ta ninka kusan sau uku. A watannin nan na sallami ma'aikata biyu da suka bar wasu ayyuka domin su bi ni. Na kuma zauna gaban wani dattijon mawaƙi da ya damƙa mana waƙoƙinsa na shekara talatin, na karanta masa abin da ya samu cikin wata shida. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, a biki ɗaya yaran amshina sun fi wannan samu." Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da na tafi Legas neman jari, babu wanda ya tambaye ni nawa mawaƙi ya samu. Tambayar ita ce mutum nawa suka sauke manhajar, kuma sau nawa adadin zai ninka kafin baɗi. Wani ya ba ni shawara in sakar wa jama'a komai kyauta tukuna, in tara miliyoyin masu amfani, zancen biyan mawaƙa ya zo daga baya. Na tambaye shi bambancin wannan da abin da yaron bakin kasuwa ke yi. Ya yi dariya ya ce shi yaron ba shi da takardar rajista. A ranar na fahimci cewa a wannan sana'a, wanda ya ɗauki waƙar mutum babu biya yana zaune ƙarƙashin lema sunansa ɓarawo, wanda ya yi haka daga ofis mai na'urar sanyaya ɗaki kuma sunansa mai hangen nesa.

Kada a ɗauka ina wanke mai tura waƙa. Yana sayar da gumin wani ba da izini ba, kuma wannan zalunci ne ko da talaka ne ya aikata shi. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta haramta abin da yake yi, kuma ta yi daidai. Sai dai doka na iya kama shi, ba za ta iya maye gurbinsa ba. A hannunsa akwai abin da babu kamfanin da ya mallaka: yana kowace kasuwa da kowace tasha, daga Kano zuwa Maraɗi, ya san abin da mutanen unguwarsa ke so, yana karɓar tsabar kuɗi komai ƙanƙantarsu, kuma hajarsa na aiki a wayar da ba ta taɓa hawa intanet ba. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Mu mun shigo gari muka fara da kai ƙarar ɗan garin.

Me za a rasa idan aka ci gaba a haka? Abin ya wuce aljihun mawaƙi. A da akwai makaɗan fada, masu cin abinci daga hannun sarki, akwai kuma makaɗan jama'a. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi wa sarakuna da attajirai waƙa, amma ya yi wa direba da manomi, ya kuma yi zambo ga wanda ya ga dama, domin abincinsa bai rataya a wuyan mutum ɗaya ba. Ɗanmaraya Jos ya ɗauki kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa. Barmani Coge ta rera abin da ke zukatan matan cikin gida. Taron jama'a ne ya ba su wannan 'yanci, kowa da ɗan abin da ya miƙa. Idan wannan hanya ta toshe, mawaƙi ba zai daina cin abinci ba. Zai nemi mutum ɗaya mai iya biyan kuɗin situdiyo da na mota, kuma a ƙasar nan mun san ko wane ne wannan mutum, mun kuma san lokacin da yake buɗe jakarsa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Masu kukan cewa waƙar Hausa ta koma kirarin 'yan takara su fara tambayar kansu yaushe rabon da sisinsu ya isa hannun mawaƙi.

Ga abin da nake kira a yi, kuma mun fara gwada shi a kamfaninmu, da tuntuɓe da gyara. A mayar da masu tura waƙa dillalai masu izini, su karɓi sabuwar waƙa daga tushe, mai kyawun sauti, tun ranar fitarta, su riƙe kasonsu, su miƙa na mawaƙi. A sayar da waƙa ɗaya-ɗaya a farashin da ya yi daidai da aljihun mai sayen ruwan leda, ta zauna a wayarsa ba tare da data ba. Kuɗin wanda ya saya ya tafi ga wanda aka saya dominsa, babu tukunyar gayya. A buɗe wa masoyi hanyar yin liƙi daga wayarsa, tunda al'adar ta riga manhaja zuwa. Kuma kowane mawaƙi ya iya ganin lissafinsa da Hausa, a rubuce ko a murya. Na san za a ce wasu dillalan za su ci amana, kuma za su ci. Amma dillalin da ke da kaso a cinikin gobe yana da dalilin kare hajar, alhali wanda ake farauta ba shi da ko ɗaya.

Ga hukuma, dokar tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha ta 2022 ba za ta amfane mu ba muddin ana auna nasara da yawan dalar da kamfani ya jawo daga waje. A auna mu da abin da muka sa a hannun masu fasaha. Ga mawaƙa, ku daina sa hannu a takardar da ba a karanta muku ba, ko da ni ne na kawo ta. Ga 'yan'uwana masu kafa kamfani, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ɗakin nan namu ne.

Ban san ko kamfaninmu zai ga baɗi ba. Filin mahaifina ya tafi, kuma mahaifiyata ta daina tambayata yaushe zan dawo da shi. Amma a watan jiya na koma gidan dattijon nan da kuɗin da aka tara masa daga rumfunan masu tura waƙa, naira hamsin-hamsin da ɗari-ɗari. Ba su da yawa. Ya ƙirga su sau biyu, ya tambaye ni daga hannun wa suka fito. Na ce daga hannun mutanen da ke sauraronsa. Ya ce to in gaishe su, in kuma gaya musu yana da sabuwar waƙa.