"Ci Gaba Mai Ɗorewa": Mudu Biyu A Kasuwa Ɗaya

A shekarar 1994, a birnin Marrakesh na Maroko, aka sa hannu a yarjejeniyar da ta haifi Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO. A gabatarwarta aka rubuta wai za a yi ciniki bisa manufar "ci gaba mai ɗorewa", wato a ci yau ba tare da an kashe wa 'yan baya gobensu ba. Magana zaƙi kamar zuma. To amma doka mai haƙora tana can ciki, a Yarjejeniyar Noma, kuma ita ce ta bar wa Amurka da Turai ƙofar ci gaba da ɗura wa manomansu tallafi.

A dubi auduga. Manomanta a Amurka ba su wuce 25,000 ba a 2001, amma tallafin da suka karɓa a wannan kakar ya haura dala biliyan 3. Suka cika kasuwa, farashi ya faɗi, ya faɗo a kan talakan da ke noma da fartanya. A 2003 ƙasashen Binin, Burkina Faso, Chadi da Mali suka kai kukansu taron Kankun, aka watse ba su samu komai ba.

Brazil kuwa ta kai Amurka ƙara, ta kuma yi nasara a 2005. Sai Amurka ta daina? Ina! Da Brazil ta yi barazanar ramuwa, sai aka toshe mata baki da dala miliyan 147 duk shekara tun daga 2010, aka rufe maganar da miliyan 300 a 2014. Mai sanda aka biya. Raunana ba su da abin ramawa, don haka ko kwabo.

Wannan ita ce sana'ar mutanen Annabi Shu'aibu (AS): mudun saye daban, na sayarwa daban. Masu bai wa manomansu biliyoyi su ne suka tura IMF da Bankin Duniya su ce wa Nijeriya ta tsame hannunta daga noma. Gwamnatin Babangida ta amsa da "to", ta rushe hukumomin cinikin amfanin gona a 1986, har da ta auduga da ke Funtuwa. Masaƙun Kaduna suka bi baya ɗaya bayan ɗaya.

Kalmar dai ta taɓa yin aiki. A 1998 kotun ɗaukaka ƙara ta WTO ta kafa hujja da ita, a shari'ar kare kunkurun teku.